Dalilin da ya sa na ƙi allurar barci

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Jiya wata ta tambaye ni game da aikin ƙugu, sai barci ya ƙaurace mini.

Ina koyarwa a unguwar Jiddari Polo, zamanin soja, na fara ɗingishi. Aka ce sanyi ne. Na sha saiwa har na gaji. Da aka ɗauki hoto, likita ya ce kan ƙashin ya lalace, sai aiki.

Mama ta zo daga Biu don ta yi jinyata. Kwana kaɗan kafin aikin, ƙanena Ishaku ya rasu a hatsarin mota a kudu. Kawunnanmu suka ce kada kowa ya gaya mata sai sun zo da fasto, saboda hawan jininta.

Mai ba da allura ya ce, "Malama, hanya biyu ce. Ko mu sa ki barci, ba za ki san komai ba. Ko allurar baya, ƙafafu su mutu, idonki biyu."

Ni kuwa na ga matar gadon kusa da ta farfaɗo daga barcin. Babu abin da ba ta tona ba, har sunan wanda ta so kafin mijinta. Ana ta dariya, ni ina tunanin kada in tona wa Mama rasuwar Ishaku.

Na ce a yi ta bayan, duk da ana cewa tana gurguntarwa.

Ana cikin aikin, na ji ƙarar guduma kamar a shagon kafinta. Tsoro kamar ya kashe ni, amma bakina a rufe.

Da allurar ta sake ni, ciwo ya taso. Nas ta kawo ta rage zafi, ta ce takan sa maye. Na ƙi. Na ciji zane, na juya nan, na juya can.

Mama tana yi mini fifita, ta daɗe tana kallona.

"Saratu, ke da kike kuka in ƙaya ta soke ki? Wa ya mutu?"

Na kawar da kai.

"Ishaku ne, ko? Shi kaɗai bai aiko ba." Ta juya wajen nas. "'Yata, yi mata allurar. Ba sauran abin ɓoyewa."

Na warke, ina tafiya da ƙafata, na gode wa Allah da likitocin.

In aiki ya same ku, ku tambayi likita amfanin kowace allura da illarta. Ku faɗa masa ainihin abin da kuke tsoro. Kada ku ƙi maganin zafi. Ni na ƙi, kuma ƙin ne ya gaya wa Mama.