Jan Farce a Cikin Inji

A gidanmu ba wanda ya taɓa mallakar mota kafin ni. Mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a gonakin Jazira, da muka dawo unguwar Hajj Yusuf kuma ya koma sayar da gawayi, abin hawansa jaki ne da amalanke har Allah Ya karɓi abinsa. Ni kuwa tun ina budurwa, in na shiga bas ba na kallon titi, ƙafafun direba nake kallo da hannunsa a kan giya. Sai da na haifi 'ya'yana na koyi tuƙi, a motar mijin wata ƙawata, a filin da samari ke buga ƙwallo bayan unguwa. Burina shi ne in sami 'yar ƙaramar mota in riƙa kai yaran maƙwabta makaranta ina ɗauko su. Iyaye mata sun fi samun natsuwa idan mace ce ke jan 'ya'yansu, shi ya sa tun ban ga ko taya ɗaya ba, gidaje da dama sun riga sun yi mini alkawarin yaransu.

Labarin motar a gidan suna na ji shi. Wata Hajiya ce a Omdurman, can hayin kogi, cikin tsoffin gidajen mutanenmu Hausawa da suka zauna can tun zamanin kakanni. Mijinta ya rasu ya bar mota a tsakar gida, 'ya'yanta maza duk suna ƙasar waje, ba mai jan ta. Washegari tun da safe na tafi wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa yana gyaran motoci a garejin da ke bayan kasuwar Suk al-Shabi. Na same shi rabin jikinsa a ƙarƙashin wata bas, na durƙusa ina yi wa ƙafafunsa bayani.

Ya turo kansa waje ya dube ni. Ya ce, "To 'yar nan, kin gama? Fara ce, kujerunta masu kyau ne, mai ita mutuniyar kirki ce. Duk na ji. Belin taimin fa, an taɓa canja shi?"

Na ce, "Kawu, mene ne kuma wannan?"

Ya tashi zaune ya jawo wani tsoho daga cikin tarkace ya miƙo mini. Bel ne na roba mai haƙora a cikinsa, ya tsinke gida biyu. Ya ce shi ke haɗa saman inji da ƙasansa don su yi tafiya tare, yana ɓoye bayan murfi, ba ya ƙara, ba ya gargaɗi. Ran da ya gaji sai ya tsinke kawai, ƙarafan ciki su kara da juna, injin ya lalace a tsakiyar titi. Ya ce, "Ki yi tunanin haka ta same ki a kan gada, da 'ya'yan mutane a baya." Na yi tunanin. Amma ko kaɗan son motar bai ragu ba, ga shi ko ganin ta ban yi ba.

Ranar Asabar muka haye kogi, Kawu da buhun sifanoninsa a kan cinya, ni da sabon mayafi kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Hajiya ta tarbe mu da Hausa tsantsa irin ta tsoffin Omdurman, wadda ba a cika jin ta a bakin yaran yanzu ba. Doguwa ce, ga fara'a, tana tafiya tana dafa bango saboda ciwon gwiwa. Ta sa aka kawo mana kofi mai citta, ni kuwa idona yana can ƙarƙashin bishiyar darbejiya, inda wani abu ke lulluɓe da tsoffin zannuwan gado da aka ɗinke wuri ɗaya.

Da ta ga na kasa zama sai ta yi dariya. Ta ce, "Tashi ki yaye, 'yata, kada kofin ya ƙone ki a banza."

Na yaye. Ya salam! 'Yar ƙarama ce ƙirar Koriya, fara sol, da carbi rataye a madubi da 'yar darduma a ninke a kujerar baya. Na zagaya ta ina shafawa, na buɗe ƙofa na rufe, na sake buɗewa don in ji ƙarar. Kawu ya matso kusa da kunnena ya ce, "Rufe bakinki, ƙuda zai shiga."

Hajiya ta ce wani maƙwabci yakan zo ya tayar da ita duk Juma'a don kada batir ya mutu. Kawu ya murɗa makulli, ta tashi nan take, tana wani gurnani a hankali mai daɗin ji. Na ce, "Ka ji ko, Kawu? Lafiyarta ƙalau!" Ya girgiza kai ya ce kunne ba ya jin abin da muka zo nema. Ya nuna mini lambar tafiyar da ke gaban sitiyari. Motar ta ci hanya sosai, ta wuce inda ya kamata a ce an canja belin. In ba a canja ba, to a bakin tsinkewa yake.

Ya juya ya ce, "Hajiya, ko kin san marigayi ya taɓa canja mata belin ciki?"

Ta ce, "Wallahi ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Alhaji ba ya kai ta gareji. Gyaran injin ban ruwa ne aikinsa, ba ya yarda wani ya sa mata hannu. Nan zai shimfiɗa buhu ya wuni yana kwance-kwance. Ni dai shayi nake kai masa, in na tambaya ya ce ai ba zan gane ba."

Mutumin da ya san amsar yana kabari. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, sai na ga Kawu yana naɗe hannun riga, idonsa yana ƙyalli. Ya ce, "In kin yarda mu buɗe, Hajiya, ita da kanta za ta gaya mana." Ta ce mu buɗe duk abin da muke so. Ta sa aka jawo mata kujera kusa, ta zauna tana kallo.

Ya kashe injin, muka jira ya ɗan huce. Sai ya miƙo mini sifana ya ce tunda ni zan ja ta, ni zan kwance. Ya nuna mini wani baƙin murfi a gefen inji, ya ce kafin in taɓa in duba kawunan notocin da ke riƙe da shi. Na sunkuya. Gefensu duk ya ɗan goge, yana sheƙi. Ya ce noti da ba a taɓa kwancewa ba tun daga kamfani kansa sumul yake, waɗannan kuwa sun sha sifana. Can ƙasa na hango wani wanda kalarsa ta bambanta da sauran, ya fi su tsawo kaɗan.

Na ce, "Kawu, wannan ba ɗan gidan ba ne!"

Ya tafa hannu. "Madalla! Na asalin ya faɗi ya ɓata, aka sa wani. To an buɗe. Amma buɗewa daban, canjawa daban. Mai yiwuwa leƙawa kawai ya yi ya mayar. Kwance mu gani."

Na fara kwancewa, baƙin mai ya ɓata mini gefen sabon mayafin ban ko kula ba. Da murfin ya fita sai ga belin, baƙi, a naɗe a kan wani faifai mai haƙora. Kawu ya haska fitilar wayarsa. Ya ce in shafa bayansa: ba tsagewa, bai yi santsin tsufa ba. Ya ɗan lanƙwasa gefensa ya duba gindin haƙoran, ba ko ɗaya da ya fara rabuwa. Rubutun da ke jikinsa ma ana iya karantawa, kuma Kawu ya ce sunan ba na kamfanin motar ba ne, irin wanda ake saya a kasuwa ne. Ya zura fitilar can ciki ya nuna mini famfon ruwa, ƙarfensa ya fi na kewayensa haske, da ɗan gam mai toka-toka da ya matso a bakinsa. Ya ce mai hankali in zai canja bel yakan haɗa da famfon, don kada ya sake buɗewa.

Na ce, "Ke nan an canja?"

Ya ce, "An canja. Saura mu san yaushe. Roba ce, zafin garin nan yana cin ta ko mota tana tsaye."

Yana faɗin haka sai ya ƙara kusantar da fitilar. A bakin faifan akwai wani ɗigo ja, ga wani daidai da shi a jikin ƙarfen da ke baya. Ya ce wannan alama ce da makanikai ke yi kafin su cire tsohon bel, don komai ya koma mazauninsa. Sai dai shi farin fenti ya sani, ko alli. Wannan ja ne mai sheƙi, har da wasu 'yan ƙyalƙyali a ciki. Ya kankara da farce, ya shinshina, ya ce bai taɓa ganin irin fentin nan ba.

Na leƙa, sai dariya ta kuɓuce mini. Na ce, "Kawu, ai ba fenti ba ne. Jan farce ne, irin na amare!"

Hajiya ta miƙe daga kujera da saurin da ban zaci gwiwarta za ta yarda ba. Ta dafa kafaɗata ta leƙa cikin injin, ta daɗe tana kallo. Sai ta riƙe baki ta ce, "La ilaha illallahu! Alhaji! Ashe kai ne!"

Ta koma ta zauna tana dariya har da hawaye, da ƙyar ta iya ba mu labari. A satin bikin autarta, wani yayan amaryar ya aiko mata da kwalbar jan farce daga ƙasar waje, mai ƙyalƙyali, ba irinta a kasuwa. Ana saura kwana kaɗan kwalbar ta ɓace. Amarya ta tayar da gidan, aka zazzage akwatuna, har ta zargi 'yar gwaggonta, suka yi faɗan da har yau gaisuwarsu sama-sama ce. Duk wannan hayaniyar Alhaji yana nan ƙarƙashin darbejiya da kansa a cikin inji, yana cewa so yake motar da za ta kai 'yarsa ɗakin miji ta zama ba ta da wani tari. Bai ce uffan ba.

Kawu ya ce, "Hajiya, bikin ya daɗe?"

Ta ce, "Ina fa! Ɗan da ta haifa ko yaye shi ba a yi ba. Bayan bikin da 'yan watanni ciwo ya kwantar da Alhaji, motar ba ta sake fita ba."

Kawu ya ɗaga hannu sama da sifana a ciki ya ce, "Sabo ne! Ko gumi bai yi ba!" Ni kuwa ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a gidan mutane ba, har mata suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu.

Muka mayar da murfin, Kawu yana jaddada mini cewa duk da haka in kawo masa ita ya riƙa dubawa, kada in ce sabo ne in manta. Maganar ciniki ba ta ɗau lokaci ba, muka bar batun takardu sai ranar aiki. Ina naɗe zannuwan da aka lulluɓe ta da su sai na ga Hajiya ta fito da mayafinta da takalmi.

Ta ce, "'Yata, kai ni unguwar Dar Salam wurin autar tawa. Wannan magana ba ta waya ba ce, ina so in ga fuskarta. Kuma tun rasuwarsa ban shiga motar ba."

Haka na fitar da motar ta ƙofar gidan mai ƙunci, Kawu yana gaba yana ɗaga mini hannu kamar mai jagorar jirgi. Da ya shigo ya zauna, na shiga titin Omdurman, raksha mai ƙafa uku ta nan, amalanken ruwa ta can, masu bas suna danna mini oda. Sau ɗaya ta mutu mini a mararraba, na sake tayarwa ina bismilla. Hajiya tana baya ta rungume 'yar dardumar, tana nuna mini hanya, tana cewa in bi a hankali wurin rami kaza, Alhaji ma nan yake rage gudu.

Da muka tsaya a ƙofar wani gidan laka, autar ta fito da yaro a kafaɗa. Tana ganin motar mahaifinta ta tsaya cak, sai kuka. Uwar ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Share hawayenki, na gano ɓarawon jan farcenki." Autar ba ta yarda ba sai da Kawu ya sake kwance murfin ya haska mata. Ta kalli ɗigon, ta kalli uwarta, ta ce, "Baba? Yana ji ina zagin mutane?" Sai kukan ya koma dariya. Ta miƙa wa Hajiya yaron, ta shige ɗaki neman waya don ta kira 'yar gwaggonta. Muna jiyo ta daga tsakar gida tana cewa, "Ki tsaya ki ji mana, kada ki kashe!"

Ba su bar mu mun tafi ba sai da muka ci abinci. Bayan la'asar na mayar da Hajiya gida, na miƙa mata makulli, ta ture hannuna. Ta ce in tafi da ita, takardu sa biyo baya, ba ta son ta sake kwana tana kallon ta a ƙarƙashin bishiya.

Muka hau gada rana tana gangarawa, kogin ya yi ja, iska tana shigowa ta taga tana kaɗa mini mayafi. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, ina jin kamar in tsaya in gaya wa kowane direba cewa tawa ce. Na juya zan tambayi Kawu ko yanzu zan iya sa giya ta sama, sai na ga ya jingina kansa da ƙofa, buhun sifanoni a ƙirji, yana ta minshari. Na sa giyar da kaina, na bar shi ya yi barcinsa har Hajj Yusuf.