Jirgin da Awaki Suka Gada

Mun tashi mun tarar da jirgin ruwa a tsakar gidanmu a Madarumfa, awaki na shan ruwa a cikinsa. Kwalekwale ne na maɗaci, dogo, mai siririn baki, sassaƙar da ba a yin irinta a nan. Duk baƙon da ya shigo sai ya yi dariya, ya ce ina aka taɓa ganin jirgi a tudu alhali ga tabki can ana hangowa. Ni ban taɓa taya su dariyar ba. Kakata Tani ta ba ni labarinsa, kuma har yau in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa.

Mai jirgin kakana ne, Shu'aibu Bakabe. Mutumin Kabi ne, ɗan masunta jikan masunta, wanda ya iya tuƙi tun bai iya ɗaura wando ba. Yaƙi ya ci ƙauyensu a shekarun da suka gabaci zuwan Nasara, sai ya biyo ayarin fatake yana kora musu jakuna har ƙasar Maraɗi. Ranar da ya hango tabkinmu sai ya saki sandar kora, ya yi tsaye kamar wanda ya ga ɗan'uwansa a baƙuwar kasuwa. Ayari ya wuce, shi ya zauna.

To amma ruwan Madarumfa yana da masu shi. A wancan zamani baƙo na iya shiga jirgi a haye da shi, yana iya jefa ƙugiya daga gaɓa, in ya ga dama ma ya sassaƙa jirginsa. Abin da ba zai yi ba shi ne ya riƙe filafili ya yi tuƙi da hannunsa, sai Sarkin Ruwa ya ba shi izini. Kafin izinin sai ya yi damina uku yana noma a garin, sai ɗan gari ya tsaya masa, sannan ya ɗauki Sarkin Ruwa a jirgi ya kewaya da shi a gaban jama'a. Wanda ya faɗi don rashin ƙarfin damtse, ya dawo baɗi. Wanda kuwa aka ce ya ɓata wa ruwa, ba shi ba filafili muddin wannan Sarkin Ruwa na numfashi.

Shu'aibu bai yi gardama ba. Ya ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ya karɓi aron gona wajen wani dattijo, Ɗan Azumi, ya shiga noman gero da hannun da bai san hauya ba. Tani ta ce kunyarsa ta noma karkace take kamar sawun maciji, duk wanda ya wuce sai ya tsokane shi. Ita ce 'yar Ɗan Azumi, kuma ita ta fi kowa yi masa dariya, har dariyar ta kai su ga aure. Da rani kuwa yana gindin itace da gizago, yana sassaƙar jirgin nan a hankali, yana shafa shi kamar mai shafa doki.

Ranar gwaji ta zo bayan girbi, tabki a cike. Ɗan Azumi ya tsaya wa surukinsa. Sarkin Ruwa na lokacin, Tsoho, ya shiga jirgin ya zauna a gaba, ya tattare rigarsa. Shu'aibu ya yi bisimilla ya tura. Tani ta ce ba ta taɓa ganin jirgi ya tafi haka ba, ko feshin ruwa babu, masunta na gaɓa sai kallon juna suke yi.

A tsakiyar tabkin akwai wani baƙin kututture da ke leƙowa daga ruwa. Malamai na cewa kabarin wani waliyyi ne ruwa ya rufe a wurin, Arna kuma na cewa ƙofar gidan mai ruwa ce. Ko ma wanne ne, duk sun haɗu a kan abu ɗaya: mai tuƙi in ya zo daidai wurin sai ya ɗaga filafilinsa ya ɗora a cinya, ya bar jirgi ya wuce da kansa. Kowane ɗan Madarumfa ya san wannan tun yana goye. Shu'aibu ya zo daidai kututturen, ya zura filafili cikin ruwa, ya kewaye shi tsaf yana murmushi, shi a ganinsa ya nuna gwaninta.

 A gaɓa wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka.

Tsoho ya ce, "Juya, Bakabe. Ka gama."

Da suka fito tudu Shu'aibu ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, mi na yi?"

"Ka soki ƙofar gidan mutane da icce, kana tambaya ta mi ka yi? Ka ɓata ma ruwa. Ba kai ba tuƙi bisa tabkin ga, in dai ina da rai."

"Ba wanda ya hwaɗa mani, ranka shi daɗe."

Tsoho ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Matambayi ba shi ɓata."

Ku ji fa! Matambayi ba ya ɓata. To yaya mutum zai tambayi abin da bai san akwai shi ba? Zai bi kowane kututture da kowace ciyawa yana cewa ko akwai mai gida a ƙarƙashi? Ɗan Azumi ya bi surukinsa har gida yana hawaye yana rantsuwa: "Wallahi ɗana, ban san akwai ɗan Adam da bai san wanga abu ba. Ƙaƙa zan gaya maka rana gabas take hitowa?" Shi na yafe masa, don wautarsa ta gaskiya ce. Wanda ban yafe wa ba shi ne Tsoho. Yana zaune cikin jirgin, tsakaninsa da kakana bai fi miƙa hannu ba, yana kallon kututturen na matsowa, ya ja bakinsa ya rufe. Tani ta ce tsoro ya ji kada Bakabe ya kai tsakiyar ruwa inda manyan kifi suke, ya fi 'ya'yansa kamu. Ni ban ga zuciyarsa ba, amma na san ruwa ba ya tsami banza.

Shu'aibu bai bar neman hanya ba. Ya ja baƙin bunsuru ya kai a ba ruwa haƙuri, aka karɓi bunsurun aka riƙe hukuncin. Ya kai kuka wurin mai gari, mai gari ya ce sha'anin ruwa na masu ruwa ne. Ya roƙi liman ya sa baki, liman ya ce masa haƙuri maganin zaman duniya. Kowa da karin maganarsa, ba mai filafilin da zai miƙa masa. Daga nan kuma duk abin da ya lalace a tabki shi ne. Kifi ya yi ƙaranci, Bakabe ne. Komar kamun kifi ta yage, Bakabe ne. Har jakin wani ya kafe a taɓo aka ce fushin ruwa ne saboda Bakabe.

Ya so ya koma Kabi, amma Tani ta riga ta haifi uwata Kulu, hanya kuma cike take da mahara. Sai ya jawo jirginsa ya shigo da shi gida, ya koma ɗinkin koma yana gyara wa mutanen da ba su kai shi iya ruwa ba. Da hantsi yakan zauna a gaɓa da allura da zare, yana ɗinki yana kallon masu tuƙi. In wani ya karkata jirgi sai ka ga kafaɗarsa ta motsa, kamar shi ke riƙe da filafilin. In zai je gonar ƙetare kuwa sai ya zauna a tsakiyar jirgin wani tare da mata da tulunansu, a haye da shi kamar kaya.

A wannan zaman ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko ya daina ganin ƙetare, sannan kututturen, sannan kafar allura. Rana ta tsaga gefen jirgin, Tani ta fara zuba wa awaki ruwa a ɓangaren da bai tsage ba. Yana zaune yana jin ƙarar shansu.

Shekarar da aka fara jin labarin Nasara a bakin fatake, Tsoho ya mutu. Ɗansa Ɗanjuma ya gaje shi, mutum mai kunya, ya aiko a gaya wa Shu'aibu hanya ta buɗe, in yana so ya zo a sake gwaji. Tani ta ce masa, "Malam, mi za ka yi da shi yanzu?" Ya ce ta dai riƙe masa sanda.

Ta ja shi har bakin ruwa, gari ya taru. Aka sa shi a jirgin Ɗanjuma, aka danƙa masa filafili. Hannun bai manta ba. Jirgi ya miƙe sumul, Ɗanjuma na ce masa dama, hagu. Da suka kusa kututturen sai Ɗanjuma ya waiwayo ya ce a hankali, "Baba, nan ne."

Shu'aibu ya ɗaga filafili ya ɗora a cinya. Jirgi ya wuce da kansa, ruwa na ɗiga daga itacen a kan ƙafarsa. Sai da suka yi nisa sannan ya yi magana, da ƙarfin da har na gaɓa suka ji.

"Nan ne. Shi ke nan abin? Ɗanjuma, wagga 'yar magana ita ce ta hi ƙarhin bakin ubanka?"

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Da suka fito ya ɗebi ruwan tabki ya zuba wa kakana a hannu, yadda ake yi, ya shaida wa jama'a cewa daga yau Shu'aibu Bakabe na da izinin tuƙi a ruwan Madarumfa. Mata suka rangaɗa guɗa, ba ko kunya.

Shu'aibu ya goge hannunsa a riga, ya miƙa filafilin ga iska har wani ya karɓa. Ya lalubi kan sandarsa ya ce, "Tani, kai ni gida. Ba a ba awaki ruwa ba."