Takardar da Na Zana Ranar Sunan 'Yar Ƙanwata

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da tara, ina karatun digiri na uku a Parakou, ina jin kaina kamar babu abin da ya shige mini duhu a sha'anin halitta. Ni 'yar Djougou ce. Gidanmu gidan fatake ne tun kakanni, waɗanda suka zo da ayarin goro suka zauna, har yau kuma ba a san mu da wani abu ba sai kasuwa. Ni ce mace ta farko a gidan da ta kai jami'a. Mahaifinmu bai taɓa gane abin da nake karantawa ba, amma yakan gaya wa abokansa a rumfa cewa 'yarsa tana binciken yadda Allah yake haɗa ɗa a cikin ciki. A lokacin kunya nake ji in ya faɗa. Yanzu da zan sake jin muryarsa yana faɗin haka, da ban roƙi komai ba.

Aikina da ƙwan kaza nake yi. A ɗakin bincike, wanda muke ce wa labo, nakan huda 'yar taga a jikin ɓawon ƙwai, in ɗora shi ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, in zauna ina kallon ɗan tayi yana haɗuwa. Cikin kwana biyu zuwa uku sai wani ɗan ɗigo ya fara bugawa, zuciya ke nan. Ni fuska na fi mayar wa hankali. Fuska a rarrabe take farawa, ɓangaren dama da na hagu da na sama, su taho a hankali su haɗe. Akwai ƙwayoyin gado da ke ba da umarnin wannan haɗuwa, in aka samu tangarɗa sai a bar tsaga. Haka yake ga tsuntsu, haka yake ga mutum, tun kafin mace ta tabbatar tana da ciki. Ina son aikin nan ƙwarai, har yau ma ina son sa.

Ina da ƙanwa, shekara uku ne tsakaninmu. Ɗaki ɗaya muka tashi, ita ke yi mini kitso ko da yake ni ce babba, don hannunta ya fi nawa. Ita da kanta ta bar lakwal, wato makarantar boko, ta kama sayar da atamfa. Duk direban da zai zo Parakou sai ta ba shi ƙunshi ya kawo mini ɗakina a unguwar Titirou, cukun wagashi da yaji da ɗan man shanu, ta bugo waya ta ce kar in zauna kallon ƙwai in manta da cikina. Ta auri ɗan baffanmu. Ba wanda ya tilasta musu, tun suna yara suke son juna, iyayenmu maza kuma suka yi murna suka ɗaura.

Haihuwarta ta fari mace ce, ta zo da tsaga a leɓen sama, daga baki har hanci. Mahaifiyarmu ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa. Ana gobe suna na isa Djougou, tun daga tsakar gida na fara jin maganganu. Wata ta ce mai jegon ta cika fita da tsakar rana lokacin tana da ciki, wata ta ce wataƙila ta taɓa yi wa wani dariya, surukarta kuma, matar baffanmu, ta ce ai ta hana ta cin wasu abubuwa ba ta ji ba. Na shiga ɗaki na tarar da ƙanwata zaune ta juya wa ƙofa baya. Da ta gan ni fuskarta ta saki, ta ɗago jaririyar ta miƙo mini. Ban karɓa ba. Sunkuyawa na yi, na sa yatsa na buɗe bakin yarinyar don in ga ko tsagar ta kai ganɗa. Na fito da waya na ɗauki hoton bakin, ta gaba da ta gefe. Sannan na shiga tambayar uwar irin magungunan da ta sha a wata na biyu. Ta amsa duka, a hankali, ta mayar da 'yarta kan cinya.

Washegari bayan an raɗa suna, mata sun cika tsakar gida, mahaifinmu da baffa suna tsaye bakin zaure suna karɓar barka, sai surukar ta sake maimaita maganarta da ƙarfi. Raina ya ɓaci. Na yago takarda daga littafina na zana danginmu yadda muke yi a labo, da'ira ga mata, murabba'i ga maza, na ja layi biyu tsakanin ƙanwata da mijinta, alamar auren dangi. Na ɗaga takardar na ce ba rana ba ce, ba dariya ba ce, ba abinci ba ne, jini ne ya haɗu da irinsa, in ana neman mai laifi a tambayi waɗanda suka ƙulla auren. Na ƙara da cewa 'ya'yan da za su biyo baya ma suna iya zuwa haka. Ina yi ina cakuɗa Faransanci don a san na san abin da nake faɗa.

Mahaifinmu ya dube ni, ya juya ya shige zaure. Baffa ya ce tun zamanin ayari haka iyayensu suke aure, ba a taɓa samun ɗan da ya tsaya gaban jama'a ya tuhumi uba ba. Matarsa ta ce in jini ne to a duba ɓangaren uwarmu. Kafin azahar rabin baƙin sun watse, tuwon suna ya kwana a tukunya.

Da la'asar na shiga sallama da ƙanwata, ina jiran ta gode mini. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Yaya, kowa ya shigo ɗakin nan sai da ya ɗauke ta, har masu zagina. Ke kaɗai ce ba ki ɗauke ta ba." Na ce ai kare ta na yi. Ta ce ba ta roƙe ni ba, kuma yanzu duk cikin da za ta yi da tsoro za ta yi shi. Na fito ina ganin jahilci ne ke damun su duka, na hau mota na koma Parakou.

Ba a yi wata ba mahaifinmu da baffa suka raba rumfar da suka yi shekara talatin suna zama tare, aka kafa katako a tsakiya. Mijin ƙanwata bai sake ta ba, ko da yake uwarsa ta so haka. Ya kwashe iyalinsa ya koma garin Partago yana sayen doya da kaju, wato yazawa, wajen manoma, nesa da bakin kowa. Ƙanwata ta canza lamba. Na daɗe ina leƙa tasha in an ce motar Djougou ta iso, ko wani direba zai kira sunana da ƙunshi a hannu. Ba wanda ya kira.

Na gama karatu, na samu tafiya waje na yi shekara huɗu ina ci gaba da binciken fuska. A can ne ilimin da nake taƙama da shi ya fara ba ni kunya. Na gane tsagar leɓe hanyoyinta da yawa: akwai na gado, akwai na abin da ya samu uwa a farkon ciki, akwai wanda har yau ba wanda ya san dalilinsa. Ana haifar irin waɗannan yara ga iyayen da ba su haɗa komai ba. Auren dangi yana iya ƙara haɗarin wasu abubuwa, gaskiya ne, amma ba mai iya duban jaririya ɗaya da takarda ɗaya ya yanke hukunci. Ban yi gwaji ba, ban san komai a kan yarinyar nan ba. Wata rana na ba malamata labarin, dattijuwa ce da ta tsufa a wannan aiki. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tambaye ni wa ya nemi in yi bayanin.

Ƙanwata ta sake haihuwa sau biyu, maza, lafiya lau. An yi wa yarinyar aiki an ɗinke leɓen. Na san likitoci da yawa da zan iya haɗa su da su, amma ba a neme ni ba, a bakin mahaifiyarmu na ji bayan an gama.

Shekara biyu da dawowata mahaifinmu ya rasu. Sun koma gaisawa da baffa, amma katakon nan yana nan har ya bar duniya. Da ake buɗe akwatinsa mahaifiyarmu ta ja ni gefe ta nuna mini takardar da na zana, a ninke cikin hulunansa. Ta ce ya tsince ta ranar, ya kai wa wani malamin makaranta ya fassara masa, tun daga nan yake cewa shi ya cuci jikarsa. Ya mutu yana ɗauke da laifin da ni na ƙirƙira masa.

A zaman makoki na ga ƙanwata. Ta yi mini gaisuwa yadda ake yi wa maƙwabciya. Sai wata yarinya 'yar shekara takwas ta shigo da buta, da ɗan siririn tabo a leɓe, goshinta sak na mahaifinmu. Ta tsaya tana kallona, ta tambayi uwarta ko wace ce ni. Ƙanwata ta ce, "Baƙuwa ce daga Parakou, gaishe ta." Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta ajiye buta ta fita. Hannuwana suna kan cinya, na kasa ɗaga su.

Yanzu ina koyarwa, ina da ɗalibai, ana gayyatata taro. Na aika wa ƙanwata saƙon neman gafara ta bakin mahaifiyarmu, ban kawo wani uzuri a ciki ba. Amsar da ta dawo ita ce wai ta ji. Ban san ko akwai wani abu bayan wannan ba, ina dai jira.

Abin da ya sa na rubuto shi ne 'yan'uwana da Allah Ya ba karatu a gidajen da ba a saba da shi ba. Maganarku tana da nauyin da ba ku sani ba, iyayenku suna ɗaukarta tamkar hukunci, ko da zato ne kuka faɗa cikin fushi. Kada ku ce tabbas a kan abin da ba ku tabbatar ba. Wanda kuka tabbatar ma ku jira a tambaye ku, ku faɗa a ɗaki, ga wanda abin ya shafa. In kuwa 'yar'uwarku ta miƙo muku jariri, ko me kuka gani a jikinsa, ku fara karɓa. Bayani yana iya jira shekara goma bai lalace ba, amma jariri sau ɗaya ake miƙo shi.