Taku Goma Zuwa Makewayi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata bakwai ke nan ban sa hoton tabarma ko ɗaya a nan ba. Masu tambaya ko na bar saƙa, ban bari ba, jinya nake.

Ga wanda bai san ni ba, shan inna ya kama ni ina shekara huɗu, a ƙauyenmu kusa da Belbeji. Tun daga nan da hannu nake tafiya: in zura silifa a tafin hannu in ja jiki. A haka na yi aure, na haifi uku, na kai hamsin da biyu. Ban taɓa cewa wani ya kai ni makewayi ba, kuma da wannan nake taƙama.

Ciwon ya fara a kafaɗar dama, kamar ana soka min tsinke in na ɗaga hannu. Na ce gajiyar saƙa ce, na shafa man zafi na yi shiru.

Wata ranar kasuwa ina ƙoƙarin hawa amalanke a hankali yadda na saba, sai wasu bayin Allah biyu suka kama ni ta hammata suka fizge ni sama. Na ji wani abu ya tsinke a ciki. Amma sai na ce musu Allah ya saka da alheri, don a wurinmu ba a cewa mai taimako ya sake ka. Shekara da shekaru ana ɗaga ni haka, ina cije baki ina godiya.

Washegari hannun ya ƙi ɗaukata.

Daga ɗakina zuwa makewayi taku goma ne ga mai ƙafa. Na zauna ina kallon wurin har ƴata Hinda ta gane, ta kawo roba ta saki labule. Ran nan na yi kuka, kuma ba zafi ne ya sa ni ba.

Wanzami ya yi min ƙaho sau biyu, ba sauƙi. Maigidana Malam Isa ya sayar da awaki biyu muka tafi Damagaram. Layin asibiti tun da safe, hoton ƙashi, ordonas ta sayen magani, ku dawo jibi. Likita ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Inna, shekara arba'in da takwas kafaɗar nan tana aikin ƙafa. Gaɓar ta cinye, jijiya kuma ta yage."

Abu ɗaya na tambaye shi, ko zan sake kai kaina makewayi. Ya ce ba zai yi min alkawari ba. Wallahi na ji tsoro.

Sati shida hannun yana rataye a wuyana. Daga nan sai gashi da motsa gaɓa, ana sa ni hawa bango da yatsu kaɗan-kaɗan. Na zama mafaɗaciya, kuma Hinda ce ta sha. Wata rana tana wanke ni ina faɗa, ta ce, "Inna, sau nawa kika wanke ni?"

Na ce, "Lokacin ke jaririya ce."

Har yau ina jin kunyar amsar nan.

Likita ya hana ni ɗora nauyina duka a kan kafaɗar. Mai walda ya haɗa min katako mai ƙananan tayu, sai dai taya ba ta tafiya cikin rairayin gidanmu. Matan unguwa suka taru suka yi min daɓe, siririyar hanya daga ƙofata har bakin makewayi.

Juma'ar da ta wuce na hau katakon na tura da hagu. Na je, na dawo. Hinda tana tankaɗe, ta yi kamar ba ta gan ni ba, amma na ga rariyar ta tsaya.

Kafaɗar ba ta koma kamar da ba, ba kuma za ta koma ba. Na gode wa Allah, na gode wa Malam da Hinda da matan da suka yi daɓe.

Ƴan uwana masu tafiya da hannu ko sanda, in kafaɗa ta fara magana ku je a duba tun da wuri, kada ku yi shiru irin nawa.

Ku kuma masu tausayi, in kun gan ni ina fama da amalanke, ku tambaye ni ta ina za ku kama. Yanzu zan faɗa muku.