Karatuna a Kangon Tungan Maje

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin wata safiyar Lahadi da na yi a Tungan Maje za ta taɓa gogewa daga zuciyata.

A shekarun da Abuja ke ta bunƙasa, duk inda ka waiga sabon gini ne ke tashi, na baro garinmu a Filato na zo unguwar Apo ina tsare wa wani oga shagon kayan mota. Tun ina yaro nake da i'ina, kalma ɗaya sai ta maƙale mini har in yi gumi. Amma babban burina shi ne in tsaya gaban jama'a a coci in karanta Littafi Mai Tsarki. Na roƙa, aka gwada ni a taron matasa. Ban gama aya ta biyu ba na ji ana ƙunshe dariya a baya. Da aka tashi, wani dattijon ikkilisiya ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kada ranka ya ɓaci, amma wannan aikin ba naka ba ne. Ka riƙa taya mu jera kujeru." Na ce, "To, Baba." Daga ranar na ɗauke ƙafa daga coci. Ban daina ba da gaskiya ba, sai dai addu'a ma ta koma yi mini nauyi.

Watanni suka shuɗe. Wata Lahadi oga ya aike ni Gwagwalada da kaya, tayar motar da na shiga ta fashe a Tungan Maje. Muna tsaye bakin titi sai na ji ganga na tashi daga wani kango mai gicciyen katako a ƙofa. Ganga ce zalla, babu waƙa, babu murya ko ɗaya. Na ce a raina, wane irin coci ne wannan? Na bi sautin na leƙa ta taga.

Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Maza da mata a tsaye, hannuwansu na ɗagawa suna sauka tare, fuskokinsu cike da murna. Wasu sun tuɓe takalma, ashe ta ƙasa suke jin bugun gangar. Kurame ne, waƙa suke yi da hannu.

Wata mata mai manyan shekaru ta hango ni ta yafito ni. Ita tana ji, iyayenta ne kurame, ita ke yi wa jama'ar fassara. A daidai lokacin direbanmu ya fara danna hon, an gyara taya. Na dubi motar, na dubi hannuwan nan, na kasa tafiya. Da kayan oga a hammata na shiga.

Matar ta miƙo mini Littafi ta ce, "Allah ya kawo ka. Mai karanta mana bai zo ba, ni kuwa ba zan iya riƙe littafi in yi magana da hannu ba."

Da ƙyar na ce, "Mama, ni mai i'ina ne."

Ta yi dariya ta ce, "Ai na ji. Masu saurin baki su ke gajiyar da hannuwana. Karanta yadda ka iya, ɗana."

Na fara. Na maƙale, ta jira ni. Na sake maƙalewa, hannunta ya tsaya a sama har kalmar ta fito. Babu wanda ya ƙosa. Idona ɗaya na kan shafi, ɗaya na kan yatsunta, ina son in ga yadda ake cewa "alheri", yadda ake cewa "gafara". Da na kai ƙarshe suka ɗaga hannuwa suna karkaɗawa, wai tafinsu ke nan. Wani tsoho a cikinsu ya yi mata alama, ta ce mini, "Tambaya yake ko za ka dawo mako mai zuwa."

Oga ya yi mini faɗan latti, amma na dawo, kuma ban fasa zuwa ba. A hankali na koyi maganar hannu, har yau da furfura a kaina ni ke yi wa kurame fassara a cocinmu. I'inata tana nan, ba ta tafi ko'ina ba.

Abin da na koya shi ne, hukuncin mutum a kanka ba shi ne na Allah ba. Idan an ce ba ka dace da wani wuri ba, kada ka yi fushi da Ubangiji. Ka ci gaba da tafiya ido a buɗe, akwai jama'ar da ke jiran ka yadda kake.