Kwana Tara da Na Raba Ƙanena da Kwamfutarsa

Ƙanena bai taɓa buga ƙwallo da ƙafarsa ba. Sikila ne, tun yana goye ake fama da shi, kuma duk abin da zai sa yaro ya yi gumi ko ya jiƙe an hana shi. Da ya kai shekara ashirin ƙashin ƙugunsa ya fara cinyewa, makaranta ta gagara, duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya a gidanmu na Gwandu. Mahaifinmu ya riga ya rasu, daga shi sai Inna a gidan. Ni kuwa ina Kalgo, ina aiki a wani shagon buga takardu da ɗalibai ke cikawa. Na iya kwamfuta daidai gwargwado, amma gaskiya jin kaina ya fi iyawar yawa, kuma ni mutum ne mai saurin hawa.

Wani ɗalibi da ya gama karatu ya sayar mini da tsohuwar kwamfutarsa ta cinya, da gem ɗin ƙwallo a ciki. Na kai wa ƙanena ita wata Juma'a. Ban taɓa yi wa wani kyautar da ta karɓu irin wannan ba. Cikin wata biyu ya haɗa ƙungiyarsa, ya sa wa 'yan wasan sunayen 'yan unguwarmu, har mai sayar da ƙosai na bakin titi ya mai da shi gola saboda faɗinsa. In na zo hutun ƙarshen mako sai ya zaunar da ni ya lallasa ni, yana tambayata cikin ladabi ko ya rage mini 'yan wasansa biyu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, in yana wasan nan ba ya nishi. Ciwon yana nan, amma hankalinsa ba ya wurin. Ban iya yi masa komai a kan jininsa ba, don haka na ɗauki lafiyar kwamfutar nan a matsayin nawa aikin, na kuma riƙe shi da zafi.

Da damina ta kankama sai gem ɗin ya fara ciwo shi ma. Ɗan wasa zai ɗauko ƙwallo da gudu, sai ya daskare da ƙafa ɗaya a sama, in ya farfaɗo ƙwallon tana can wani gefen fili. Fankar ciki ta riƙa ƙugi kamar injin markaɗe. In an yi rabin awa sai kwamfutar ta mutu ɗif ba sallama. Ba ma shi ya gaya mini ba, ni na gani da idona, ranar da na kusa cin sa karo na farko a rayuwata wasan ya tsaya cak. Ya yi dariya har da riƙe ƙirji, ya ce kwamfutar ma ba ta yarda da wannan abin kunya ba.

Ni ban yi dariya ba. Na karɓe ta na shiga bincike. Na goge finafinan da suka cika ta, ban ga canji ba. Mako na gaba na zo da maganin bairos na kwamfuta a filas, ɗan abin nan da ake soka mata a kwafi bayanai, ya yi ta laluben awa uku ya kamo wasu 'yan tarkace, na yi ta murna, muka kunna wasan ya sake daskarewa. Na rage kyan hoton har ciyawar filin ta koma kamar shimfiɗaɗɗen koren zane. Na zargi caja na canza ta. Na zargi wutar solar maƙwabcinmu da muke ja, har na je na yi wa bawan Allah bayanin da bai tambaye ni ba. Duk wannan kai-komon ƙanena yana kallona, yana cewa in bar wahalar da kaina.

Sai wata Asabar da hantsi, ana yayyafi, na shiga ɗakin na tarar da shi ya lulluɓe ƙafafunsa da bargo, kwamfutar tana bisa bargon ta nutse a ciki. Na sa hannu ƙarƙashinta na janye da sauri, don zafinta ya isa ya gasa gurasa. Duk ramukan da take shan iska ta nan bargon ya toshe su. Na ji daɗin gano matsalar, na kuma ji haushin makonnin da na ɓata, sai na haɗa duka biyun na sauke a kansa. Na ce shi da hannunsa yake kashe ta. Na ce abin da ko yaron firamare ya sani ke nan. Ya sunkuyar da kai ya ce to, Yaya.

A ranar na je wurin kafinta ya ƙera mini ɗan teburi mai gajerun ƙafafu, da ramuka a samansa, wanda zai haye cinyoyin mutum ba tare da ya taɓa su ba. Na ɗora kwamfutar a kai, wasan ya ɗan sassauta, na koma Kalgo ina jin na yi abin kai. Da na dawo bayan mako biyu, teburin yana gefen gado da kofin shayi da ƙwayoyin magani a kansa, kwamfutar kuma ta koma kan bargo. Wasan ma a daskare yake, fanka tana ta kururuwa, shi kuwa ya jingina da bango idonsa a lumshe, ko madannan bai taɓa ba.

Abin da na faɗa masa ranar ba zan maimaita shi duka ba. Na ce bai san darajar abu ba don ba shi ya nemo ba. Na faɗi wannan ga mutumin da ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa sai da sanda, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Na naɗe caja na sa kwamfutar a jaka, na ce zan kai ta Kalgo a buɗe ta a wanke, kwana biyu ta dawo.

Ya ce, "Yaya, bar mani ita hakanga. Ni ban ce ta lalace ba."

Na ce ai ba sai ya ce ba, ina da ido.

Inna tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni, in tana da saƙo sai ta faɗa wa iska ni kuma in tsinta. Ta dubi jakar, ta dubi ƙanena, ta ce wa iskar a dai yi hanzari, ana marka. Na ɗauka hanya take nufi.

Mai gyaran da na kai wa a Kalgo dattijo ne mai haƙuri, abokin hirata. Ya kwance bayan kwamfutar a gabana, ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani curin gashin bargo daga bakin fankar, ya dunƙule ya yi tauri, launin bargon ƙanena sak. Ya nuna mini farin maikon da ake shafa wa ƙwaƙwalwar don ta riƙa sakin zafi, ya bushe ya zama gari. Ya ce in zafi ya yi mata yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa 'yan wasan ke daskarewa. Fankar kuma ta riga ta gaji, sai an aiko da wata daga Sakkwato. Ya ce zai iya share ta ya mayar mini a ranar in lallaɓa da tsohuwar. Na ce a'a, ni ba na son aikin rabi da rabi, a jira sabuwa.

Kwana biyu suka zama tara. Wanda zai kawo fankar ya kawo wadda ba ta dace ba, aka mayar. Ƙanena ya kira ni sau biyu a waya. Bai tambayi kwamfutar kai tsaye ba, sai ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan sama a wajenmu, can ƙarshe ya ce ko mai gyaran yana lafiya. Na ce ya ƙara haƙuri, zai ga abin mamaki. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, na ji, amma na ce wa kaina layin ne ba kyau.

Ranar da aka gama na shiga mota da rawar jiki. Mun tsaya a Kambaza ana sauke buhuna, ni kuwa ina rungume da jakar ina ta ƙagara. Na tarar da gidan yana warin hayaƙi. Inna tana durƙushe gaban murhu tana hura jiƙaƙƙen itace, idanunta sun yi ja, tukunyar ruwa a kai. A ɗakin akwai roba da tsumma a ciki. Ƙanena ya rame a kwana taran nan har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idanunsa sun yi ɗorawa. Ciwon ya tashi tun kwana uku da tafiyata, sun je asibiti sun kwana biyu sun dawo, kuma ya hana a gaya mini.

Duk da haka na kunna masa, don ban san me zan yi ba in ba wannan ba. Wasan ya tafi sumul. Na mayar da kyan hoton, ciyawa ta dawo ciyawa, fanka ko motsinta ba a ji. Ya yaba, ya ce kamar sabuwa, ya yi mini godiya har sau biyu. Ya ture ɗan teburin, ya ɗora ta kan cinyarsa. Ya buga rabin lokaci. Ina lura da shi yana zura hannu ƙarƙashinta, ya jima, ya fitar, can ya sake zurawa. Daga baya ya tsayar da wasan.

Ya ce, "Ta yi sanyi, Yaya."

Na ce ai abin da ake nema ke nan.

Ya leƙa ƙofa ya tabbatar Inna tana wajen murhu, sannan ya rage murya. Ya ce in ƙashin cinyarsa ya fara sara, ba abin da ke kwantar da shi sai gashi, a tsoma tsumma a ruwan zafi a riƙa dannawa. Wannan na sani, da shi muka tashi. Abin da ban sani ba shi ne tun farkon damina ya gano zafin kwamfutar yana yi masa wannan aikin. In ya ji sarar ta taso sai ya kunna gem ɗin, ya nutsa ta cikin bargo, ya bar ta ta yi ta ƙugi.

"In na hwaɗi, Inna za ta tashi hura wuta," ya ce. "Itacen duk a jiƙe, kuma ka ji tarin da taka yi. Shekara ashirin tana dafa mani ruwa. Na ce bari in ɗauke mata ko na damina guda."

Na tambaye shi me ya hana ya gaya mini ni. Ya ce ya ga yadda nake murna in na gano wata sabuwar matsala, bai so ya ɓata mini ba. Kuma da ya faɗa, ai da faɗan da zan yi sai Inna ta ji.

Na jawo bargon da hannuna na cusa shi ƙarƙashin kwamfutar, na toshe duk ramukan da na yi makonni ina masifa a kansu. Muka zauna muna jira. Sabuwar fankar ta yi ta aikinta tsakani da Allah, sai ɗan ɗumi da bai kai ya ratsa bargo ba. Ya ce in bari, kada in ɓata aikin dattijo. Inna ta shigo da robar ruwan tana tururi, na karɓi tsumman na ce yau ni zan yi. Na matse na danna masa a cinya, na ji ƙashi ne kawai a ƙarƙashin hannuna.

Na nemo masa jakar roba ta ruwan zafi daga Birnin Kebbi, amma ita ma sai an dafa ruwan. Bai ga ƙarshen daminar ba. Ciwon ya sake tashi, wannan karon ya kama ƙirji, Allah ya karɓi abinsa wata Alhamis da safe, ina hanya ban iso ba.

Bayan an yi addu'ar bakwai mutane sun watse, na sami Inna da la'asar tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Na zauna nesa kaɗan kamar yadda muka saba. Na ga ya kamata ta san abin da ɗanta ya yi mata, sai na ba ta labarin bargon da kwamfutar. Ba ta ɗago ba. Ta ce ta sani tun makon farko, ai uwa ba ta rasa gane sa'ar da ɗanta ke jin ciwo. In ta ji ƙugin nan daga ɗaki ta san ƙashin ya motsa, sai ta zauna kusa da murhu ta hana kanta hura shi, don ya samu ya yi mata abin da yake son yi mata.

Na ce to Inna, ranar da na sa ta a jaka kina tsaye, me ya sa ba ki hana ni ba?

Ta daɗe tana juya shinkafar a faifai. Sannan ta ɗago ta dube ni a ido, abin da ba ta yi, ta ce, "Kai ma so kaka yi ka yi mashi wani abu. Da wane baki zan hana ka?"