Gaisuwa Bakwai ta Malam Garba

Ina tsaye a kan shingen kankaren da ke tsakiyar titin Wudil, kwanon waina a hannu, tireloli na wucewa gabana da bayana, kakata Inna na can bakin titi tana ɗaga murya: "Maigida, ka zubar min da sadakar nan, aurenmu ya mutu!" Haka muka cika shekara ashirin da biyu da rasuwar mijinta na gaskiya, kakana Malam Garba mai gyaran keke.

Malam bai san kilomita ba, da gaisuwa yake auna tafiya. Daga gida zuwa rumfarsa gaisuwa bakwai ce: gida uku a wannan ɓangaren, huɗu a tsallaken titi. Kowace ƙofa sai ya tsaya ya tambayi kwana da gajiya da mai jiki. Tafiyar minti biyar sai ta ci masa awa guda, kuma bai taɓa cewa ya makara ba.

Lokacin da soja suka miƙa mulki, wani ɗan takara ya zo rumfarsa da babbar riga yana alkawarin titi irin na birni. Inna ta ce Malam ko ɗagowa bai yi daga facin da yake ba, ya ce, "Alhaji, titin na masu tafiya ne ko na masu wucewa?" Aka yi dariya, aka ce tsufa ne. Bai daɗe ba ya rasu, ina ɗan shekara bakwai.

To titi ya zo. An faɗaɗa, an dasa shinge ya raba unguwa biyu. Wanda ya zana shi, wallahi da gani bai taɓa tsallaka titi da ƙafarsa ba. Daga bayan gilashin mota ya ƙare wa garin kallo, ya koma ofis ya ja layi. Yanzu in za ka gidan da kake hangowa daga ƙofarka, sai ka hau adaidaita a kai ka can wajen juyawa a dawo da kai. Yara haurawa suke, tsofaffi sun haƙura. Wai ci gaba ke nan.

Ni ma ban tsira ba fa. A Kano nake zaune, burodi ma sai na hau abin hawa, maƙwabcina kuwa da lambar motarsa na san shi. Da Malam zai ga rayuwata, cewa zai yi gaisuwa sifili ce tsakanina da ko'ina.

Duk shekara Inna kan soya waina ta kai gidajen nan bakwai da ƙafarta, bi da bi, yadda yake yi. Ko da aka dasa shingen, ita kam haurawa take. Bana gwiwa ta ƙi. Ukun ta kai. Na ce mu hau adaidaita mu zagaya, ta harare ni: "A kai ni gidan Tabawa a mota kamar baƙuwa?" Ta tsaya ta daɗe tana kallon shingen, sannan ta miƙo min kwanon. "Je ka, ka ce ina gaisuwa."

Na haura, na kai, wainar ba ta zube ba. Tabawa, ƙawarta tun suna amare, ta leƙa bayana ta ce, "Ina ita?" Na nuna mata tsallake. Tsofaffi biyu suka tsaya suna ɗaga wa juna hannu ta saman tireloli.

Rumfar Malam tuni titi ya cinye ta. Abin da ya rage nasa shi ne ma'aunin nan, kuma bana ya sauko daga bakwai zuwa uku. Ku fa, gobe da safe in kun fita, gaisuwa nawa ce tsakanin ƙofarku da inda za ku?